Bat mai kabon a gindin bedi

A Matazu, duk yaron da ya ga ɗan wasan ƙwallon tebur Aruna Quadri a waya ya kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta 2016, ya gama yanke hukunci: abin da ya raba shi da Quadri bat ne kawai. Shi ya sa yanzu zancen bat mai kabon ake yi, musamman Viscaria na kamfanin Butterfly, wanda Zhang Jike na Sin ya yi suna da shi.

Ba ƙarya suka yi ba gaba ɗaya. Siririn zaren kabon da ake sakawa tsakanin fallayen katako yana ƙara wa bat tauri, ƙwallo ta tashi da gudu, ko ba a tsakiya ta sauka ba. Idan kabon ɗin na kusa da robar da ke saman bat, saurin ya fi. Idan yana can ciki, ya fi biyayya ga hannu. Amma dokar duniya ta ce aƙalla kashi 85 cikin ɗari na kaurin katakon bat dole ya zama itace. Wato kafinta ne dai ke da rinjaye.

Matsalar tebur ce. Filawud ne da damina ta kumbura, falanki ne raga, ga iskar hunturu da ba ta san kabon ba. Ka zabga da ƙarfi, ƙwallo ta tsallake katanga ta faɗa gidan maƙwabta, inda ba a shiga sai an aiki yaro.

Wani ya gaya wa yayansa farashin. Yayan ya lissafa shi da buhunan masara, ya ce, “Ƙanena, wannan bat ɗin yana yin huɗa?”