Ɗaliban Jeka-ka-dawo da Ire-irensu

A zamanin da, idan aka ce yaro ya tafi neman ilmi, to, tafiya ce ta haƙiƙa, domin ko dai ya rataya allo da buzu ya nufi gabas, ko kuwa, bayan da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, a ɗaura masa akwati a sallame shi, ba a kuma ganinsa sai hutu ya kawo shi, ya rame, ya yi hankali, kowa na marmarinsa. Amma da yake yanzu ilmi ya tako da ƙafarsa har bakin ganuwa, kamar yadda muke gani a Kano, inda Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, kuma ɗakunan kwanan ɗalibai ba su wadaci kowa ba, sai aka sami wata al'umma wadda da hantsi ake ce mata manyan gobe, da almuru kuwa a miƙa mata bokiti ta kai markaɗe. Na daɗe ina nazarinsu daga kan dakalin ƙofar gidana, har na kasa su kashi-kashi, yadda malaman fiƙihu suke kasa ruwan alwala.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Sarkin Shago, wato wanda aka ba ɗakin nan na jikin zaure da niyyar ya sami natsuwar muɗala'a, shi kuwa ya mayar da shi fada. In ka leƙa za ka iske katifa a ƙasa, da fanka mai kukan tsufa, da jadawalin karatu manne a bango, an ƙawata shi da jan biro da shuɗi, wanda tun ranar da aka liƙa shi ba a sake ɗaga ido an dube shi ba. Fadawansa kuwa mazauna ɗakunan makaranta ne da garin kwaki ya gundura, waɗanda Allah ya hore wa ilhamar sanin lokacin kwashe tuwo, ta yadda ba sa yin sallama sai malmala ta farko ta sauka a kwano. Na taɓa jin wata uwa daga bayan labule tana cewa, "Kai Babangida, wai su abokan nan naka, da murhuna aka saita musu agogo ne?" Duk da haka ta ƙara miya, don ta ce ba ta san gidan da nata zai ci wata rana ba.

Akwai kuma Ma'ajin Handawut, wanda ake gane girman buƙatarsa daga tsawon gaisuwarsa, domin ranar da ka ga ya durƙusa bayan sallar Asuba, ya tambayi Baba kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi kasuwa, har ya gangara kan ciwon gwiwar da aka manta da shi tun bara, to, lalle malamin wani darasi ya fito da sabuwar takarda wadda saye ya wajaba a kanta. Wani maƙwabcina ɗan kasuwar Kantin Kwari, da aka karɓi kuɗin takarda guda a hannunsa sau uku da sunaye mabambanta, sai ya ce a kawo masa ita, ya ɗora ta a tafin hannu, ya murza ta da yatsu yadda yake murza yadi, sa'an nan ya ce, "To, ɗan nan, ko shadda ce ai ba ta kai haka ba."

Shi kuwa Ɗan Aike mazlumi ne, ban da abin cewa a kansa illa tausayi. Lacca ƙarfe takwas a sabon mazaunin jami'ar can kan titin Gwarzo, ga kuɗin Adaidaita Sahu ya yi tashin gwauron zabi tun da aka janye tallafin mai a 2023, amma sai ya kai ƙanne makaranta, ya nemo mai garuwa, sa'an nan a ce tunda fita zai yi ya biya ta gidan Gwaggo da saƙo.

Sai Shehin Aji Ɗaya, wanda zango guda tak ya yi ya dawo yana ba da fatawa a kan kowace mas'ala, tun daga darajar naira har zuwa yadda ya kamata a ajiye randa. In kuwa an yi rashin sa'a likitanci aka ba shi, alhali bai wuce yanka kwaɗo ba, sai mutanen layi su riƙa kawo masa takardun asibiti, shi kuma ya gyara tabarau ya yi gyaran murya. Babu mai iya masa sai kakarsa, wadda da ya ce mata kunun kanwa yana da illa, ta kurɓa ta ce, "Maigidan nawa, da shi na shayar da ubanka, ga shi kuwa ya rayu har ya haifo mana likita."

Game da 'yan mata, adalci ya wajabta mini in sassauta alƙalami, gama wadda ta wuni tsakanin lacca da ɗakin gwaje-gwaje, ta dawo ta tarar muciya na jiranta a jingine, ta tuƙa, ta kwashe, ta wanke, sa'an nan ta buɗe littafi da fitilar waya saboda an ɗauke wuta, kuma daidai lokacin nan yaro ya shigo ya ce wai ana sallama da ita a waje, alhali gobe jarrabawa, wannan ko da sakamako matsakaici ta fito ta cancanci lambar girma. Sai dai a cikinsu ma akwai masu laccar ranar Asabar, wata irin lacca mai ban al'ajabi da ba ta inganta sai da lalle da anko.

Na ajiye Dattijon Ɗalibai a ƙarshe saboda girmama shekarunsa. Ya shiga da niyyar shekara huɗu, yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci masa wata tara, na 2022 ya ƙara cin takwas, ga ragowar darussa biyu da suka ƙi rabuwa da shi saboda sabo. A zaman jiran nan ya kafa lema da tebur a ƙofar gida yana sana'ar POS, har unguwa ta san shi da ita. Ranar da aka janye yajin aiki ya shiga da murna ya gaya wa mahaifinsa Litinin za a koma. Alhaji ya yi shiru, ya ja carbi, ya ce, "Madalla. To, teburin kuma wa za ka bar wa?"