'Yan kallon kwali

Da korona ta hana shiga filin ƙwallo a 2020, magoya bayan Borussia Mönchengladbach ta Jamus suka samo dabara. Mutum ya biya Yuro 19, a buga hotonsa a kwali, a zaunar da kwalin a filin wasa. Kwalaye sama da 12,000 suka hallara.

Ranar 23 ga Mayu, ƙungiyar Leverkusen ta bi 'yan wasan Mönchengladbach har gida ta zura musu uku, suka rama ɗaya. Tarihi bai taɓa ganin 'yan kallo masu tarbiyya irin waɗannan ba. Ba wanda ya zagi alƙalin wasa, ba wanda ya nemi a kori koci. Ko tari babu wanda ya yi.

Aka tashi wasa, ba wanda ya tafi gida. Washegari ma suna nan zaune.