Mutanen Filin Atisaye da Rigimarsu da Sikeli

Masu fita atisaye bayan asuba a Katako ta garin Jos sun fi tsoron sikeli a kan abokin karawa. A da ɗan dambe ba ruwansa da kilo: in an kira ka, ka ɗaure hannu ka fito, ko da wanda aka haɗa ku ya ninka ka. Yanzu kuwa 'yan taikwando da karate da damben Turawa kowa da ajinsa. A taikwandon Olamfik aji huɗu ne na maza: kilo 58, 68, 80, sai abin da ya haura 80. Rabin kilo ya isa ya jefa ka hannun yayyenka. Don haka kowa na son ƙarfi, ba mai son nauyi, kuma kowa da tasa dabarar.

Akwai Mai Leda. Jos ta haura mita 1,200 daga doron teku, da hunturu kuwa zufa sai an roƙe ta. Shi ya sa yake saka rigar leda, ya ɗora suwaita biyu da ya tsinto a layin 'yan gwanjo, ya kifa hular sanyi. Tun daga nesa za ka ji ƙwas-ƙwas ɗinsa. Ya hau sikeli, kilo guda ya tafi, ya yi kabbara, sannan ya fasa fiya wata biyu ya shanye. Kowace leda rabin lita ce, wato rabin kilo. Ruwa ya fita, ruwa ya koma, tumbin na nan inda aka bar shi.

Sai Mai Gardama, wanda duk sikelin garin nan ya lalace a wurinsa. Zai cire takalmi, ya cire agogo, ya cire hula, ya fitar da numfashi, allura ta ƙi motsi. Ƙarshenta ya nufi wajen 'yan hatsi a ɗora shi inda ake ɗora buhun masara, ya dawo yana cewa su ma sun taɓa nasu.

Amma gwanina shi ne Likita. Bai taɓa zama ajin likitanci ba, wayarsa ce jami'arsa. Atisayensa miƙa ce da gyara wa mutane tsayuwa, aikinsa na gaskiya sai an zauna teburin mai shayi yake farawa. Tuwo a wajensa abokin gaba ne, masa guba, soyayyen dankalin Bokkos kuwa in ya ga ka saya sai ya yi salati. Abin haushin, rabin zancensa gaskiya ne. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na hatsi da na gina jiki 4 ne. Wake da ƙwai da awara suna gina tsoka, gwaten acha da ganye ya fi lemon kwalba da biredi riƙe ciki. Duk ya haddace, har da karin murya.

Sai dai Likita ba ya sayen abinci. Yana jira farantinka ya iso, ya matso da benci, ya ce, “Yayana, bari in ji ko sun cika mai.” Loma ɗaya, ya lumshe ido, ya girgiza kai. “Sun cika.” Ya ƙara ta biyu don ya tabbatar. Ya juya kan na kusa da kai, ya ɗaga ƙwai ya ce gwaiduwar ce matsala, ya taimaka masa da ita. Kafin a tashi ya zagaye faranti shida, kuma a lissafinsa azumi yake, domin ɗanɗano ba ya shiga ƙidaya. Yana kiran ɗan damben nan Kamaru Usman da sunansa tsurarsa kamar tare suka yi makarantar allo: yadda Kamaru ya ci kambu a 2019, yadda yake sauka kilo 77. In ka kalli cikinsa sai ya shafa ya ce, “Tsoka ce, ta fi kitse nauyi.” Haka ne, ta fi. Ban dai taɓa ganin tsokar da duk ta taru wuri guda tana leƙen mazagi ba.

Baba Tsohon Hannu na gefe yana dariyar kowa. Mahauci ne, ɗan Guramaɗa ne na gidi, kuma a ganinsa duk wanda ya auna kansa kafin faɗa ya riga ya sha ƙasa. “Shagon da Ɗan Anace ya waƙe, sikeli ya hau?” Maganinsa fura da nama. Mai Hoto kuwa minti biyar yake yi, ya watsa ruwa a goshi, ya ɗora a TikTok.

Akwai kuma 'yan Litinin, mutane masu natsuwa da kyakkyawar niyya, waɗanda tsarin abincinsu zai fara Litinin mai zuwa. Kada a matsa mana. Mun riga mun rage sukari a shayi, madarar ce muka ɗan ƙara.

Duk waɗannan ina iya zama da su. Wanda ba na iya wa dariya shi ne Masta mai busar da yara. Gasa ta matso, yaro ɗan shekara sha huɗu ya haura aji da kilo biyu. Maimakon a bar shi ya hau aji na gaba, tunda girma yake yi, sai Masta ya hana shi ruwa kwana guda, ya ba shi cingam da gorar tofa yawu, wani lokaci har da ƙwayar sa fitsari. Wannan ƙwaya tana kwashe ruwa da gishirin jiki, ta jawo ɗaurewar jijiya da jiri, ta wahalar da ƙoda, kuma hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta. Na ga irin yaron nan zaune a dakali, leɓe a tsage, yana matsa ƙaurinsa da hannu biyu, yana satar kallon mai sayar da ruwa. In ka yi magana Masta ya ce haka ake zama namiji. Iyayen na gida suna murna ɗansu ya kama wasa ya bar yawon banza. Gobe yaron ya shiga fili ƙafa na rawa, a doke shi a zagayen farko, Masta ya tare shi a bakin layi ya ce masa ba shi da zuciya.