Gaskiya Biyu, Ƙarya Ɗaya

Wasan sakin jiki dabara ce da masu shirya taron bita suke yi kafin a shiga jawabi, domin mutanen da ba su san juna ba su saba, bakinsu ya buɗe. Yawanci ba ya wuce minti biyar. Akan ce kowa ya faɗi sunansa da abincin da ya fi so, ko a jefa ƙwallo wanda ya cafe ya yi magana, ko a yi kacici-kacici. Ƙungiyoyin ba da tallafi ne suka yaɗa shi a Arewa, tare da alawus da lemon kwalba.

Karatun zaure bai taɓa buƙatarsa ba. Wanda ya zo ɗaukar Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala yakan tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gai da malam, a tambayi iyali da ruwa da gona, kafin layi ya zo kansa ya san na damansa ya san na hagunsa. Buƙatar ta taso ne a 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, malamai da dama suka koma WhatsApp da Telegram da Zoom. Annoba ta wuce, karatun waya ya zauna, saboda ya yi wa 'yan kasuwa da ma'aikata da matan aure daidai. Sai dai ɗalibin waya halitta ce ta daban. Yana kashe kyamara don kada data ta ƙare, ya kashe makirufo don kukan yara. Malam ya yi sallama, shiru. Ya ce "An gane?", shiru. Can sai akuya ta amsa daga wayar wani. Ga shi kuma Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa, kuma rabin sa'ar farko tana tafiya ne wajen "Kuna ji na?" da jiran waɗanda ba su fito daga masallaci ba.

Misalin da ya fi kusa ya faru cikin makon nan a Birnin Kudu, ga wani malami, wanda shi ne mai wannan rubutu. Yana karantar da manya Ahalari bayan sallar isha'i. Ɗalibansa na cikin gari ne da na Gwaram da Sara da Basirka, sai 'yan Kano kaɗan da wani tela a Jidda. Mutum biyu a ajin sun cancanci a ambace su. Na farko surukin malamin, dattijo a Gwaram, wanda jikansa ke kunna masa waya, kuma tun da aka fara karatun ba a taɓa ganin komai nasa ba sai saman hula da silin. Ta biyu matar malamin, wadda ke sauraro da tata wayar daga ɗakinta, taku goma daga inda yake zaune.

Ɗan wansa ne ya dawo daga bita a Dutse ya kawo masa maganin shirun ajin, wato wasan gaskiya biyu, ƙarya ɗaya. Mutum zai faɗi abu uku game da kansa, sauran su cinki wanne ne ba gaskiya ba. Wasan yana da sharaɗi biyu. Na farko, kada a yi shi a darasin Ahalari, domin Shehu Abdurrahman Al-Ahdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, da ya zo lissafa abubuwan da suka haramta ga baligi a farkon littafin, da ƙarya ya fara, kuma malamin da kansa ya fassara wa ajin wannan shafi da murya mai ƙarfi. Na biyu, dole kowa ya ji ƙa'idar wasan kafin a fara.

A daren, hadari ya taso ta gabas. Malamin ya yi bayanin ƙa'ida tsaf, ya ce shi zai fara don ya nuna hanya. Na ɗaya, ya taɓa hawa Dutsen Mesa ya ga zanen shanun da mutanen da can suka bari a jikin dutse. Gaskiya ne. Na biyu, bai iya tuƙa babur ba. Wannan ma gaskiya ne, duk unguwa ta shaida. Na uku ya zaɓe shi ne don ƙaryarsa a fili take ga duk wanda ya san albashinsa ya kuma san kuɗin lefe a bana. Abin da bai sani ba shi ne sabis ya tafi da ƙa'idar da magana ta ɗaya da ta biyu, musamman a ɓangaren Gwaram. Sa'an nan ya dawo garau, irin dawowar da bai taɓa yi wa babin ƙabli da ba'adi ba, daidai lokacin da malamin ya gyara murya ya ce:

"Bayan babbar salla zan ƙara aure."

A nan ya kamata a tsaya, domin a nan ne ake ganin yadda wasan yake aiki. Da farko shiru. Sa'an nan makirufo suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ajin da bai taɓa amsa "An gane?" ba, a daren nan kowa ya gane. "Ma sha Allahu!" "Allah ya sanya alheri, Malam!" "Allah ya ba da zaman lafiya!" Wata baiwar Allah daga Basirka ta rangaɗa guɗa. Telan Jidda ya ce turare da abayar amarya suna wuyansa. Ta fuskar manufa, wasan ya ci nasara fiye da yadda masu bitar Dutse suka alkawarta.

Sauti a intanet yana makara. In sabis ya yi rauni, abin da mutum ya faɗa yakan isa wata wayar bayan daƙiƙa biyu ko uku. Saboda haka malamin yana zaune a tabarmarsa ya ji muryarsa ta fito daga ɗakin matarsa, a natse, cikin gyaran murya, tana sanar da ita cewa bayan babbar salla zai ƙara aure. Ƙarar cokali da ke fitowa daga ɗakin ta tsaya. Ita kuma makirufonta a buɗe yake, don haka wayarta ta mayar wa aji maganar, wata wayar a Sara ta cafe ta sake turowa. Magana ɗaya, malamin ya faɗe ta sau ɗaya, ya saurare ta tana zagaya kudancin Jigawa tana dawowa, kowane zuwa da sabuwar addu'a a bayanta.

Sai silin ɗin Gwaram ya motsa. Hula ta yi sama, goshi ya shigo, sai ido biyu. Wannan ne karon farko da aji ya ga fuskar dattijon.

"Malam," in ji shi, "ban ji da kyau ba. Maimaita."

Littattafan koyar da dabarun aji ba su tanadi amsar wannan ba. Mutumin da ko cin abinci ba a yi a gabansa, ga shi ya ƙura ido a gaban mutum talatin, yana neman a maimaita. Malamin ya fara da cewa wasa ne, guɗa ta danne shi. Ya ce akwai Dutsen Mesa, akwai babur, ba wanda ya san abin da ya haɗa amarya da babur. Sai ya ɗaga murya iya ƙarfinsa:

"Baba, ƙarya nake yi!"

Minti 40 suka cika. Allo ya yi baƙi.

A irin wannan aji akwai ɗalibi mai himma da ke naɗar karatu don waɗanda ba su samu shiga ba. Kafin asuba saƙon murya biyu suna yawo. Wanda ya samu na farko ya san malam zai yi amarya. Wanda ya samu na biyu ya san malamin Ahalari ya yi ikirari da bakinsa. Wanda ya samu duka biyun bai san wanne ne ya ƙaryata wanne ba, domin wasu sun tura su a juye. Game da cikin gida, ya isa a ce kokon safe ya zo ba suga, kuma maƙwabta sun fara kiran matar malamin uwargida.

Sauran bayani ya shafi shawarwari, waɗanda suka fi yawa a wurin mai cajin waya na bakin tasha. Da malamin ya kai wayarsa da safe, mutumin ya riga ya saurari saƙonnin biyu, ya kuma gano bakin zaren.

"Allah ya gafarta Malam, ai laifin wayar ne. Nan gaba ka sa ta cikin kwanon silba, yana jawo sabis. Kuma ka riƙa fuskantar Kano."

Malamin ya ce abin da ya faru ya riga ya faru.

"To ka kashe ta ka kunna."

Malamin ya ce ba wayar ce ta yi fushi ba.

Mai caji ya yi shiru, ya zare wata waya ya soka wata, ya yi nazari irin na mai fatawa. "To ai abin da sauƙi. Kai da bakinka ka karantar da mu cewa aure da saki ba a yi musu wasa." Malamin ya fara bayanin cewa wannan hukunci ya shafi ɗaura aure ne da lafazinsa, ba labarin niyya ba, amma mutumin ya ɗaga hannu. "Tsaya, Malam. Yanzu mutane kashi biyu ne. Wasu na cewa za ka yi aure, wasu na cewa ka yi ƙarya. In ka yi auren, na farko sun yi gaskiya. Maganarka ta zama gaskiya uku, ba ƙarya ko ɗaya, Ahalari ya huta, ga turare daga Jidda kyauta."

Malamin ya tuna masa da saƙo na biyu. In aka yi auren, "ƙarya nake yi" ita ce za ta zama ƙarya.

"Wannan ƙarama ce, istigfari ya ishe ta," in ji mai caji. Ya miƙo wayar, ya karɓi kuɗinsa, ya rage murya. "Ina da ƙanwa a Sara. Bazawara ce, ta sauke, kuma ta iya tuƙa babur."