Tseren da kowa ya zo na ɗaya

Duk mai tace bidiyo da gwaninsa a cikin sassan kwamfuta masu matse bidiyo. Wannan ya rantse da NVENC na Nvidia, wancan ya ce tun da Intel ta fito da Quick Sync a 2011 ba a sake yin irinsa ba. Sai a shirya gwaji, kowa ya zuba wa agogo ido.

Ba mai tambayar kayan da aka ɗora wa kowane doki. Ɗaya ya fitar da fim a H.264, ɗaya a HEVC, girman fayil ya bambanta nesa ba kusa ba, wai an yi adalci. Wani ya lafta gyaran launi a DaVinci Resolve har kwamfuta ta fara nishi, ya dawo yana zagin sashen matse bidiyo, alhali sashen zaman jira yake tun ɗazu. Kwamfutar da ta ɗau zafi kuwa, da kanta take rage gudu a zagaye na biyu.

Kyan hoton fa? Netflix ta saki VMAF a 2016 don auna shi, amma zakaran gwajin ya ce a bar wannan maganar sai gobe, yana da ɗaurin aure.