Bazazzagi Zai Buɗe Laburare a Cikin Tabarau

Bazazzagi bawan Kanawa! Labari ya iske mu har Kantin Kwari cewa ka hana 'yan majalisarku ta Kakuri shan shayi cikin kwanciyar hankali. Wai nan gaba kaɗan ɗalibi zai ƙwama wani tabarau a fuska, sai ga shi a laburaren cikin kwamfuta yana zaro littattafai daga kanta, har ya zauna lacca da Turawan Ingila, alhali yana kishingiɗe a kan katifarsa a Narayi.

Malam, ai wannan kasuwar ta taɓa ci ta watse, kai ne ba ka zo da wuri ba. A 2003 kamfanin Linden Lab na Amurka ya buɗe wata duniya ta cikin kwamfuta da ya kira Second Life. Jami'o'i suka yi rububin kama filaye a ciki, a 2006 har Harvard ta koyar da darasin shari'a a can, ma'aikatan laburare kuma suka kafa nasu tsibirin suna jiran masu tambaya, kowa da ɗan mutum-mutuminsa mai tashi sama. Da aka soke rangwamen kuɗin fili da ake yi wa makarantu a farkon 2011, da yawa suka tattara komatsansu. A 2021 mai Facebook ya sake wa kamfaninsa suna Meta, ya narka biliyoyin daloli a harkar irin wannan duniyar ta tabarau, asara ta biyo asara. Mu Kanawa idan muka ga attajiri irin wannan ya faɗi a haja, ba ma saro ta.

Zan ɗan raga maka. Ɗalibin zanen gine-gine na Kadpoly a Barnawa zai ƙaru sosai idan ya zaga cikin gidan da ya zana tun ba a aza bulo ko ɗaya ba.

Amma ka tuna 2020 da korona ta rufe makarantu. Malami ya yi ta turo lacca da murya ta WhatsApp, ɗalibi kuwa yana tsaye gaban rumfar mai caji, riƙe da 'yar lambar da aka ba shi, janareta na ta ƙugi, yana jiran wayarsa ta ɗan farfaɗo. Tabaraun naka a wace rumfar za a kai shi? Yaron da ke hawa Keke daga Kakuri ya haye gada zuwa laburare, littafin yana cikin wayarsa tun tuni. Fanka yake nema da haske da kujera, saboda a gidan hayarsu ƙanne huɗu ne a ɗaki, ga injin markaɗen maƙwabta tun asuba.

In ka nace sai ka saya, ka shigo Kano mu yi maka odarsa daga Sin. Kuɗi hannu dai, don Bazazzagi littafi ma idan ya ara sai an bi shi har gida. Ka haɗo da kuɗin sharar bara da ka danne.