Baba Ya Kawo Fim

A Tasawa da Mayahi, uban da ya tashi a zamanin kaset ɗin bidiyo yakan yi wa 'ya'yansa barazana da fim. Sai ya je wurin mai tura finafinai a kasuwa, ya dawo da fim ɗin Indiya Sholay na 1975 a waya, ya tara yara a tabarma bayan lisha. Fim ɗin ya haura awa uku, su kuwa yaran sun saba da TikTok. Kafin bos ɗin fim ɗin, Gabbar Singh, ya buɗe baki, autan ya yi barci, babbar tana tambaya ina mai fassara, tunda a saninta Indiyawa duka Hausa suke ji.

Fim ɗin Sarauniya na Med Hondo, na 1986, ya fi samun kasuwa. Da baba ya ce Voulet da Chanoine na cikin fim ɗin, turawan da suka ƙona garuruwa a 1899, a Maijirgi aka binne su, nan kusa da Tasawa, sai kowa ya gyara zama. Tambaya ta farko: nawa ne kuɗin kabu-kabu zuwa can?

Uwar gida dai ta ce gobe fim ɗin Hausa Sangaya za a sa, ko kowa ya kwana da yunwa.